Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga masu tsaron ƙofar Turanci a fagen ilimi

Zuwa ga editocin manyan mujallun bincike na duniya, da masu shirya tarukan ilimi na ƙasa da ƙasa, da jami'o'i da hukumomin da ke auna Turancin masu neman karatu.

Ranku ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya, ku da iyalanku da abokan aikinku. Ni malamin jami'a ne. Na shafe fiye da shekara ashirin ina koyarwa, ina bincike, ina duba ayyukan ɗalibai, kuma kusan duk da Turanci na yi wannan aiki. Ina magana ne da yawun mutanen da ba su sha Turanci a nono ba, waɗanda suka same shi a kan allo, suka yi ta fama da shi har ya zauna a bakinsu: ɗalibai, likitoci, injiniyoyi, masana aikin gona, a Afirka da Asiya da Kudancin Amurka da ma Turai kanta. Da gangan na rubuta da Hausa, domin wasu daga cikin waɗanda nake magana a madadinsu su fara ji, su gyara mini in na yi kuskure. Duk wanda ya so ya mayar da ita Turanci ya isar muku, na yarje masa.

Abin da ya tayar da wannan wasiƙa ƙarami ne a idon wanda bai taɓa samun kansa a ciki ba. Wata ɗalibata mai karatun digiri na uku ta kwashe shekara uku tana nazarin yadda sauro ke bijire wa magungunan feshi. Ta tara samfuri, ta yi gwaji, ta sake gwaji, ta rubuta maƙala, muka aika wa wata mujalla da ba zan kama sunanta ba. Wata biyar muna jira. Da amsa ta zo, ɗaya daga cikin masu bitar ya rubuta layi biyu kacal: wai Turancin bai kai ba, a nemi wanda aka haifa cikin harshen ya duba kafin a sake aikowa. Bai ce uffan ba game da alƙaluman, bai taɓa hanyar gwajin ba, bai kuma nuna jimla ɗaya da ta shige masa duhu ba. A ƙasan wasiƙar ga adireshin wani kamfani mai gyaran Turanci.

Muka zauna ni da ita da jan biro, shafi goma sha huɗu, muna bi layi-layi. Wurare tara muka samu da ke son gyara: nan an bar "the", can an sa "in" inda Bature zai sa "on", wata jimla kuma ta cika tsawo. Babu ɗaya a cikinsu da zai hana masani gane abin da ta gano. Da muka gama sai ta ajiye biron ta ce, "Malam, shekara ashirin da uku ina karatu da harshen nan. Yaushe ne zai zama nawa?" Ban sami abin ce mata a ranar ba. Tambayarta ce na ɗauko na kawo muku.

Kafin in shiga ƙorafi bari in faɗi gaskiya, domin idan rana ta fito tafin hannu ba ya kare ta. Turanci ya yi mana rana, kuma babu mai hankalin da zai so a koma zamanin da sai masani ya iya harsuna huɗu kafin ya san abin da ake ciki a fanninsa. A watan Janairun 2020 masana a Sin suka fitar da bayanin ƙwayar halittar cutar korona, ba a yi kwanaki ba ɗakunan gwaji a wasu nahiyoyi suka fara haɗa hanyar gano ta, kuma galibin musayar da Turanci aka yi ta. Ƙungiyar ASEAN ta ƙasashen Kudu maso Gabashin Asiya ta rubuta a kundinta na 2007 cewa Turanci ne harshen aikinta. Birtaniya ta fice daga Tarayyar Turai a 2020, amma Turanci bai bi ta ba, yana nan a ofisoshin Brussels ana ta aiki da shi. Ruwanda ta mayar da karatun makarantunta daga Faransanci zuwa Turanci a 2008, shekara guda bayan nan ta shiga ƙungiyar ƙasashe renon Ingila, ko da yake Ingila ba ta taɓa mulkinta ba. Gabon da Togo suka bi sahu a 2022. Wanda ya ƙirƙiro Python ɗan Holan ne, wanda ya ƙirƙiro Ruby ɗan Japan ne, amma dukansu da kalmomin Turanci suka gina umarnin harsunan kwamfutarsu, don sun san da haka ne duniya za ta karɓa.

Ƙarfin harshen, a ganina, yana cikin rashin ƙyamar baƙo. Ƙabilun Angil da Sakson ne suka tsallaka da tushensa zuwa tsibirin Birtaniya a ƙarni na biyar. A 1066 Normandawa suka ci Ingila da yaƙi, Faransanci ya zama harshen fada da kotu tsawon ƙarnuka, Turanci kuwa ya yi ta haɗiye kalmominsa dubbai ya fito da ƙiba. Ya ari "algebra" daga aljabar na Larabci, "algorithm" kuwa sunan masanin lissafi Alkawarizmi ne aka lanƙwasa. "Safari" daga Suwahili ya karɓe ta, asalinta kuma Larabci, uwa ɗaya da "safara" tamu. Faransa ta kafa majalisar tsaron harshenta tun 1635, Turanci kuwa bai taɓa samun irin wannan majalisa ba, babu wata hukuma da ke da ikon cewa wannan kalma ta shiga, waccan ta fita. Ƙamus na Oxford ma bin bakin jama'a yake yi yana rubutawa: a 2020 ya shigar da jerin kalmomi daga Turancin Najeriya, a 2021 ya shigar da wasu daga Koriya. Harshen da ya girma ta wannan hanya, abin mamaki ne a ce yau an kafa masa masu gadi suna tambayar mutum inda aka yanke masa cibiya.

Wasu na cewa sauƙinsa ne ya kai shi inda ya kai. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar. Sunayensa ba su da jinsi, jam'insa kuma yawanci harafi ɗaya ake liƙawa a wuce, alhali mai koyon Hausa sai ya haddace gida gidaje, doki dawaki, littafi littattafai. Sai dai duk wanda ya zauna gaban yaro yana ƙoƙarin bayyana masa dalilin da ya sa "though" da "through" da "tough" da "thought" kowacce da furucinta, ya san sauƙin yana da iyaka. Abin da ya yaɗa Turanci shi ne jirgin ruwa da bindiga da kasuwa, daga baya kuma dala. Wajen shekarar 1600, lokacin da aka kafa kamfanin Ingila na cinikin Indiya, masu jin harshen ba su kai miliyan goma ba. Turawan Ingila suka kafa garin Jamestown a Amurka a 1607. A 1835 Macaulay, wani jami'in mulkin Ingila a Indiya, ya rubuta shawararsa ta a karantar da Indiyawa da Turanci. A 1919 aka rubuta yarjejeniyar Basai, ta sulhu bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, da Turanci kafaɗa da kafaɗa da Faransanci, wanda ya daɗe yana riƙe da diflomasiyya shi kaɗai.

A fagen kimiyya, wanda shi ne naku, mulkin Turanci bai kai shekara ɗari ba. Ibn al-Haisam da Larabci ya yi bayanin yadda ido ke gani. Newton da Latin ya fitar da babban aikinsa a 1687. Mendeleev da Rashanci ya jera sinadarai a 1869, Marie Curie da Faransanci ta ba da labarin radiyom, Einstein da Jamusanci ya buga maƙalunsa na 1905. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya aka hana masanan Jamus shiga manyan tarukan kimiyya har zuwa 1926, a 1933 kuma 'yan Nazi suka fara korar Yahudawa daga jami'o'i, da yawansu suka nufi Amurka da Birtaniya da iliminsu. Yaƙi na biyu ya ƙarasa sauran, ya bar Amurka da kuɗin bincike da ɗakunan gwaji. Na kawo wannan tarihi ne domin ku tuna kujerar da kuke kai gadonta kuka yi daga wasu, kuma siyasa ce ta kawo ta hannunku.

Yau masu amfani da Turanci sun kai kusan biliyan ɗaya da rabi, waɗanda kuma yake harshen uwa a gare su wajen miliyan 400 ne. Wato a cikin duk mutum huɗu masu magana da shi, kusan uku irinmu ne. Mu ne mafi yawan masu karanta mujallunku, da masu biyan kuɗin jarrabawarku, da masu cika kujerun tarukanku. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, saboda haka ga inda yake yi mana.

Na farko shi ne wannan jimla ta a nemi wanda aka haifa cikin harshen. Ba ta gyara komai, domin ba ta nuna inda kuskuren yake. Sau da yawa ma sunan marubuci da adireshin jami'arsa ne ke jawo ta, tun kafin a karanta shafi na biyu. Haihuwa cikin harshe kuma ba ta sa mutum ya iya rubutun kimiyya: na duba maƙalun mutanen da Turanci ne harshen gidansu waɗanda sai na karanta sakin layi sau uku kafin in kamo zarensa. Abdulrazak Gurnah da Suwahili ya fara magana, amma rubutunsa na Turanci ne ya ci kyautar Nobel ta adabi a 2021. Da a ce ya aiko muku da maƙala da sunansa na Zanzibar, wa za ku ce ya duba masa?

Kuma nauyin da muke ɗauka an auna shi. A 2023 Tatsuya Amano na Jami'ar Queensland da abokan aikinsa suka buga bincike a mujallar PLOS Biology, inda suka tambayi masana muhalli 908 daga ƙasashe takwas. Suka gano cewa wanda Turanci ba harshensa na farko ba ne yakan iya cin kusan ninki biyu na lokacin da takwaransa ke ci wajen karanta maƙala ɗaya, rubutu kan ƙara masa kusan rabin lokaci, kuma ana mayar masa da aiki saboda harshe kawai fiye da ninki biyu da rabi. Wannan lokaci daga ina yake fitowa? Daga gwajin da ba a yi ba, da ɗalibin da ba a zauna da shi ba, da barcin da ba a samu ba. Sannan bayan duk wannan a tura mutum wurin kamfanin gyaran Turanci, wani lokaci ma kamfanin yana da alaƙa da mawallafin mujallar. Mu ne muke yi muku bitar maƙalu kyauta, ɗakunan karatun jami'o'inmu ne ke sayen mujallun, mu ne kuma za mu biya kafin a saurare mu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Na biyu ya shafi jarrabawar Turanci da ake yi wa masu neman gurbin karatu. TOEFL tana nan tun 1964, IELTS tun 1989, kuma a al'ada shekara biyu ake karɓar sakamakonsu. Ban ce auna Turancin ɗalibi laifi ne ba. Akwai wanda ya gama makarantar da ake koyarwa da Turanci amma ba zai iya bin lacca ba, kuma zalunci ne a karɓi kuɗinsa a jefa shi cikin ajin da zai nutse. Abin da ban gane ba shi ne mutumin da ya yi digiri na farko da na biyu da Turanci, ya rubuta kundi da shi, ya kare shi gaban malamai da shi, yana koyarwa da shi kullum safiya, a ce Turancinsa ya ruɓe bayan wata ashirin da huɗu. Neman gurbin karatu da tallafi da biza kan ɗauki fiye da haka. Sai ka ga mutum ya ci jarrabawa, tallafi ya yi jinkiri, takarda ta mutu a hannunsa, ya sake biya, ya sake tafiya garin da cibiyar jarrabawar take, wani lokaci ma a wata ƙasar. Takardun DELF da DALF na Faransanci ba su da ranar mutuwa. Wasu takardun Cambridge na Turancin ma haka. Ashe dai abu ne mai yiwuwa.

Ku dubi kuma jerin ƙasashen da Birtaniya ke yafe wa 'yan ƙasarsu wannan gwaji a harkar biza, wanda jami'o'i da yawa ke kwafa. Akwai Amurka da Kanada da Ostareliya, akwai Jamaika da Barbados da Gayana. Babu Indiya, babu kuma ƙasar Afirka ko ɗaya, har da waɗanda da Turanci kotunansu da majalisunsu da jami'o'insu ke aiki. Fasfo ake aunawa a nan, harshen mutum kuwa ba a ji shi ba tukuna.

Na uku shi ne abin da ke faruwa a zauren taro, kuma gani ya kori ji. A wani taro da na halarta, wani dattijo daga Gabashin Asiya ya gabatar da aikin da ya yi shekaru yana yi. Daga takarda yake karantawa, a hankali, yatsansa na bin layi. Aiki ne mai kyau ƙwarai. Da aka zo tambayoyi sai wani ya miƙe ya zubo magana kamar ruwan sama, ya haɗa da barkwanci da wani karin magana na wasan ƙwallon ƙasarsu, rabin zauren ya yi dariya, rabi ya yi shiru. Dattijon ya roƙi a maimaita. Aka maimaita da saurin farko. Ya dubi takardarsa, ya dubi shugaban zama, shugaban ya dubi agogo ya ce a ci gaba da magana lokacin hutu. Na bi shi waje na sake yi masa tambayar da gajerun kalmomi. Ya ciro biro, ya juya bayan takardar shirin taro, ya zana mini jadawali, cikin minti biyu ya warware matsalar sarai. Mutum ɗari biyu suka tashi da zaton bai san amsar ba.

A nan ina so ku koyi darasi daga masu harkar jiragen sama, waɗanda suka koya da jini. Ranar 27 ga Maris 1977, a filin jirgin Los Rodeos da ke tsibirin Tenerife, manyan jirage biyu ƙirar Boeing 747 suka yi karo a kan titin tashi cikin hazo mai kauri, mutum 583 suka rasu. Matuƙan jirgi ɗaya 'yan Holan ne, na ɗayan Amurkawa, mai kula da hasumiya ɗan Sifen, kuma duka da Turanci suke magana. Dalilan hatsarin suna da yawa, amma a cikinsu akwai wata jimla da mataimakin matuƙi ya faɗa wadda ke iya nufin "muna wurin tashi" ko kuma "ga mu muna tashi", hasumiya ta fahimce ta ta fuskar farko. Bayan wannan aka tsaurara ƙa'ida: kalmar tashi ba a furta ta sai lokacin ba da izini ko soke shi. Daga baya hukumar ICAO, mai kula da sufurin jiragen sama ta duniya, ta kafa ma'aunin Turanci mai hawa shida, ta ce daga 2008 matuƙa da masu hasumiya a zirga-zirgar ƙasa da ƙasa su kai hawa na huɗu. Abin lura shi ne ma'aunin bai ce sai lafazinka ya zama na Landan ko na New York ba, cewa ya yi a iya gane ka. Jagorar hukumar ta kuma ɗora wa waɗanda Turanci ne harshensu na haihuwa nauyin su daidaita maganarsu, su guji karin maganar da baƙo ba zai gane ba. Masu jiragen ruwa ma sun amince da nasu daidaitattun jimloli a 2001. In har waɗannan sun gane cewa fahimta nauyi ne a kan mai faɗa da mai ji baki ɗaya, me ya hana zauren ilimi ganewa?

Na huɗu ya fi sauran haɗari, domin asararsa ta kowa ce. An wayi gari abin da ba a rubuta da Turanci ba kamar ba a rubuta shi ba. Amano da abokansa sun ƙirga a wani bincike na 2016 cewa fiye da kashi ɗaya cikin uku na rubuce-rubucen kimiyya kan kare halittu da aka buga a 2014 da wasu harsuna aka yi su, Sifaniyanci da harshen Fotugal da Sinanci da Faransanci a sahun gaba. Amma masu tattara sakamakon bincike sukan rubuta a fili cewa maƙalun Turanci kaɗai suka duba, ku kuma ku buga ba tare da kun ɗaga gira ba. Maganin artemisinin, wanda ya ceci miliyoyin rayuka daga zazzaɓin cizon sauro, da Sinanci aka fara ba da rahotonsa a shekarun 1970, Tu Youyou kuwa, masaniyar Sin da ta jagoranci gano shi, sai 2015 ta karɓi kyautar Nobel a kansa. Akwai kuma ɗaya gefen: malamin gona da ma'aikaciyar jinya da mai gadin daji, waɗanda su ne za su yi aiki da sakamakon, galibinsu ba sa karanta Turancin mujalla. Ilimi ya fito daga gonarsu da asibitinsu, ya tafi ya zauna a harshen da ba zai dawo musu ba.

Na biyar sabo ne, ana wata ga wata. Jami'o'i da mujallu sun fara amfani da manhajojin da ake cewa suna gano rubutun da ƙirƙirarriyar basira ta yi. A 2023 masu bincike a Jami'ar Stanford suka gwada bakwai daga cikinsu da rubuce-rubucen da ɗalibai suka yi da hannunsu a jarrabawar TOEFL, manhajojin suka yanke wa fiye da rabi hukuncin cewa na'ura ce ta rubuta, alhali rubutun yaran Amurka kusan duka sun wuce lafiya. Dalilin shi ne mai koyon harshe yakan tsaya kan sanannun kalmomi da miƙaƙƙun jimloli. Abin da aka koya mana a matsayin rubutu mai tsabta shi ya zama hujjar tuhumarmu da maguɗi.

Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ga abin da muke roƙo.

Ku editoci, ku cire maganar wanda aka haifa cikin harshe daga takardun umarninku, ku kuma hana masu bita amfani da ita. Duk wanda ya ce Turanci bai fito ba, ya nuna shafi da layi, ya faɗi abin da bai gane ba. A fara yanke hukunci kan ingancin binciken, gyaran harshe ya biyo baya, kuma maƙalar da kuka karɓa ku ɗauki nauyin goge ta kamar yadda kuke ɗaukar nauyin tsara shafukanta. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ku ɓoye sunan marubuci da jami'arsa ga masu bita. Ku buɗe wa kowane marubuci fili ya sa tsakuren maƙalarsa da harshe na biyu da ya zaɓa, ku kuma ba shi izinin fassara aikinsa gaba ɗaya ba tare da an ce ya buga abu ɗaya sau biyu ba. Wannan ba sabon abu ba ne: dandalin SciELO da aka fara a Birazil tun ƙarshen shekarun 1990 yana buga aiki da harshen Fotugal da Sifaniyanci da Turanci gefe da gefe, shawarar UNESCO ta 2021 kan buɗaɗɗiyar kimiyya ma ta yi kira da a ƙarfafa yawan harsuna. Masu tattara bincike kuwa, ku tambaye su dalili duk lokacin da suka taƙaita kansu ga Turanci. Ku sa irinmu a kwamitocin editocinku, da ƙuri'a a hannu.

Ku masu shirya taruka, ku gaya wa kowane mai magana tun a takardar gayyata cewa zauren na duniya ne: ya rage gudu, ya ajiye barkwancin da sai ɗan garinsu zai gane. Shugaban zama ya maimaita kowace tambaya da sauƙaƙan kalmomi kafin a amsa. A yarda a miƙa tambaya a rubuce, a ba mai amsa ɗan lokaci ya tattara tunaninsa, a sa rubutun abin da ake faɗa ya riƙa fitowa a majigi. Inda hali ya yi a ɗauki tafinta.

Ku jami'o'i da hukumomin jarrabawa, ku karɓi digirin da aka yi da Turanci a matsayin shaida, daga kowace ƙasa ya fito, in kuna da shakka ku yi hira da mutumin ta intanet minti goma sha biyar. Wanda ya kai babban mataki a jarrabawa, ku daina kashe masa takarda bayan shekara biyu, ko kuwa ku fito da hujjar da ke nuna mai aiki da harshe kullum yana mantawa da shi a wannan wa'adi. Ku sake duba jerin ƙasashen da kuke yafewa, ku bayyana ma'aunin da kuka bi. Kada kuma a hukunta ɗalibi ko marubuci bisa maganar manhaja kaɗai, sai an zauna da shi an ji ta bakinsa, an ga daftarinsa na farko.

Maƙalar ɗalibata tana hannun wata mujalla ta biyu yanzu, wata na uku ke nan muna jira. Shafukan nan goma sha huɗu masu jan biro suna cikin aljihun teburina, kuma duk editan da ya so ya ga wurare taran da suka jawo mana asarar wata biyar, zan aika masa da su, da izininta. Muna sauraron amsarku.

Naku cikin girmamawa,
Wani malamin jami'a, a madadin abokan aikinsa da ɗalibansa